Gyaran gani da hasken leza: abin da yake gyarawa da abin da yake bari

A ƴan shekarun nan maganar "aikin leza" ta shiga gidajenmu. Wani ya ji labarin ɗan uwa da ya tafi Tunisiya, Maroko, Masar, Turkiyya ko Indiya da tabarau a fuska, ya dawo babu shi. Wata ta ga talla a wayarta ana cewa cikin minti goma za a raba ta da tabarau har abada. Ɗalibai da ƴan mata da samari masu neman aikin da ke bukatar kaifin gani su ne suka fi matsa wa iyaye da tambaya, iyaye kuma su rasa amsar da za su bayar. Tun da ido biyu kaɗai kowa yake da su, kuma abin da aka cire daga jikin ido ba ya komawa, mun ga ya dace mu tattaro wa iyalai bayani a kan wannan aiki kafin kowa ya ɗaura niyyar tafiya.

Yadda ido yake gani

A gaban ƙwayar ido akwai wata fata garai-garai kamar gilashi, wadda ta rufe baƙin ido. Likitoci suna kiran ta korniya, da Faransanci «cornée». Kaurinta bai wuce rabin milimita da ɗan kaɗan ba, amma ita ce take yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin lanƙwasa hasken da ke shiga ido. Sauran kashi ɗayan wani ƙaramin madubi ne da ke can ciki yake yin sa, wato «cristallin». Su biyun suke tattara haske su sauke shi a kan labulen da ke bayan ido, wanda ake kira retina, daga nan jijiya ta kai saƙo ga ƙwaƙwalwa. Idan hasken ya sauka daidai a kan labulen, mutum ya ga abu tangaran. Idan ya kauce, sai a ga dishi-dishi.

Kaucewar nan iri huɗu ce. Ta farko ita ce rashin hangen nesa, «myopie». Galibi ƙwayar idon ce ta yi tsawo daga gaba zuwa baya, sai hasken ya haɗu tun bai kai labulen ba. Mai wannan matsala yana karanta littafi lafiya lau, amma rubutun allo ko fuskar mai tahowa daga nesa sai ya ƙanƙance ido. A takardar awonsa za a ga alamar ragi kafin lamba, misali -2 ko -5. Ta biyu ita ce «hypermétropie», inda ƙwayar idon ta yi gajarta, mutum ya riƙa wahala da aikin kusa, ido ya gaji, kai ya yi ciwo; alamarta ƙari ce, misali +2. Ta uku ita ce «astigmatisme», inda lanƙwasar korniya ba ta zama ɗaya ta kowane ɓangare ba, kamar bayan cokali maimakon bayan ƙwarya, sai abubuwa su riƙa yin inuwa kusa da nesa. Ta huɗu kuwa ta shekaru ce, «presbytie»: daga wajen shekara 40 zuwa 45 madubin cikin ido yana fara taurin da zai hana shi daidaita gani na kusa, shi ya sa dattijo yake miƙa takarda nesa da fuskarsa, uwa kuma take ba jika allura ya zura mata zare.

Tabarau yana gyara dukkan waɗannan ta hanyar lanƙwasa haske kafin ya shiga ido. Aikin leza kuwa yana sassaƙe korniyar kanta, ya sauya lanƙwasarta, tamkar an zana tabaran a jikin ido. A nan ne ya kamata mai karatu ya riƙe jigon maganar: tsawon ƙwayar ido yana nan yadda yake, madubin ciki da labulen baya da jijiya suna nan yadda suke. Ƙofar shigar haske kawai aka gyara.

Daga wuƙa zuwa haske

Tunanin sassaƙa korniya ya girmi na'urar leza. Wani likita ɗan asalin Sifen mai suna José Barraquer, wanda ya zauna a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, shi ne ya fara gwada shi a kan mutane a shekarun 1960. Yakan yanko ɓallin korniya, ya daskarar da shi, ya feƙe shi da na'ura, sannan ya mayar ya ɗinke. A shekarun 1970 likita Svyatoslav Fyodorov na birnin Mosko ya yaɗa wata hanya ta yin tsaga-tsaga a korniya da wuƙa mai kaifi, kamar layukan da ke fita daga tsakiyar faifai, domin ta ɗan baje. An yi wa mutane masu yawa wannan aiki, amma daga baya aka lura ganin wasunsu yana ci gaba da sauyawa shekara da shekaru, aka bar hanyar.

Sauyin gaske ya zo ne daga masu binciken kamfanin IBM a Amurka. A 1981 Rangaswamy Srinivasan da abokan aikinsa suka gwada wani irin leza mai suna eksima a kan ragowar naman talotalo, suka ga yana gutsure nama daidai wurin da aka auna ba tare da ya ƙona na gefensa ba. A 1983 likitan ido Stephen Trokel ya nuna cewa ana iya yin haka a kan korniya. A 1988 likita Marguerite McDonald ta yi aikin a kan idon mutum mai gani a birnin New Orleans, kuma wajen 1990 likita Ioannis Pallikaris na tsibirin Kirit a ƙasar Girka ya haɗa leza da dabarar ɗaga ɓallin korniya, ya ba hanyar sunan da ta shahara da shi, LASIK. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da leza eksima don gyaran gani a 1995. Daga baya wani leza mai saurin walƙiya, femtosakan, ya karɓi aikin yanka daga hannun wuƙa. Binciken da ya share masa hanya shi ne ya samar wa Gérard Mourou na Faransa da Donna Strickland ta Kanada kyautar Nobel ta kimiyyar fizik a 2018.

Hanyoyi uku da ake bi a yau

Hanya ta farko ita ce PRK, wadda a takardun Faransanci ake rubutawa PKR. Ana kankare siririyar fatar da ke saman korniya, leza ya sassaƙe abin da ke ƙarƙashinta, sannan a ɗora wani ɗan gilashi mai laushi ya zama bandeji har fatar ta sake tsirowa cikin kwana uku zuwa biyar. Kwanakin farko akwai zafi da hawaye, kuma gani yakan ɗauki makonni kafin ya daidaita. Amfaninta shi ne ba ta barin ɓalli, don haka akan zaɓe ta ga mai siririyar korniya ko wanda sana'arsa ke iya jawo masa bugu a fuska, kamar soja ko ɗan dambe.

Hanya ta biyu ita ce LASIK. Ana yanka siririn ɓalli a saman korniya, a ɗaga shi kamar murfin littafi, leza ya yi aikinsa a ƙasa, a mayar da ɓallin ya manne da kansa ba ɗinki. Zafi kaɗan ne, kuma yawancin mutane suna gani sosai washegari. Sai dai ɓallin ba ya komawa ƙarfinsa na asali, bugu mai tsanani yana iya gusar da shi ko bayan shekaru.

Hanya ta uku ita ce SMILE, wadda ta yaɗu a shekarun 2010. Leza femtosakan yana yanka wani ɗan faifai a cikin naman korniya, likita ya zaro shi ta wata ƴar ƙofa mai milimita biyu zuwa huɗu. An fi amfani da ita ga rashin hangen nesa da «astigmatisme».

A duk hanyoyin ukun ba a sa mutum barci. Ɗigon magani ake sawa ido ya mutu, a sa ɗan ƙarfe ya riƙe fatar ido don kada a ƙifta, a ce wa mutum ya dubi wani haske. Aikin idanu biyu bai cika wuce minti 20 zuwa 30 ba, harbin leza kansa kuwa daƙiƙoƙi ne. Abin da ake cirewa ana auna shi da mikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Korniyar mafi yawan mutane tana da kauri tsakanin mikiron 500 da 550, kuma gyaran kowace lamba ɗaya ta rashin hangen nesa yana cin kamar mikiron 12 zuwa 15. Mai -6 ke nan zai rasa wajen mikiron 80, kusan kaurin silin gashi guda. Dole kuma a bar aƙalla mikiron 250 zuwa 300 a ƙasa ba a taɓa ba, don bangon ya iya riƙe matsin cikin ido. Wannan lissafi shi ke sa a ce wa wani "kai ka dace", a ce wa wani "kai ka haƙura".

Wanda aikin bai dace da shi ba

Mun fi son iyalai su kula da wannan sashe fiye da kowane, domin mafi munin matsalolin da ke biyo bayan aikin suna fitowa ne daga yi wa wanda bai dace ba. Ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba, kuma ko ya kai sai lambar tabaransa ta tsaya ba ta sauya ba aƙalla shekara guda; likitoci da yawa sun fi son a haura 20. Mai ciki da mai shayarwa su dakata, domin sauyin jiki a wannan lokaci yana taɓa awon ido. Mai ciwon sukari da bai daidaita ba, da mai cutar da garkuwar jiki ke yaƙar jiki, da mai tsananin bushewar ido, da mai hawan jinin ido, wato «glaucome», duk sai an yi dogon nazari, kuma sau da yawa amsar ita ce a'a.

Akwai kuma cutar da ake kira «kératocône», inda korniya ke yin siriri tana tsini a hankali. Yi wa irin wannan ido LASIK kamar rage kaurin bangon da ya riga ya fara tsagewa ne: bayan watanni ko shekaru korniyar sai ta bulluƙo, gani ya lalace fiye da dā, wani lokaci har sai an yi dashe. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin a ƙasashenmu na Sahel yara da yawa suna tasowa da ƙaiƙayin ido mai sa farin ido ya yi ja-ja ko ƙasa-ƙasa, suna murza shi dare da rana, kuma yawan murza ido yana cikin abubuwan da aka danganta da wannan cuta. Wanda ya yi irin wannan ƙuruciya ya faɗa wa likita tun kafin a tambaye shi. Haka nan wanda amodari ya bar masa tabo, ko yake da hakiya, ko aka taɓa zuba masa maganin gargajiya mai zafi a ido.

Wannan aiki kuma daban yake da aikin yanar ido. Yana tana samuwa ne idan madubin cikin ido ya yi hazo, maganinta kuwa a cire shi a sa na roba. Dattijon da ganinsa ya dusashe saboda yana ba zai ƙaru da komai ba don an sassaƙe masa korniya. Akwai kuma wasu ayyukan leza da ake yi wa masu ciwon sukari a labulen bayan ido, ko masu hawan jinin ido. Sunan ne ɗaya, na'ura da manufa kowanne da tasa.

Abin da ke iya biyo baya

Gaskiya ne mafi yawan waɗanda aka zaɓa da kyau suna farin ciki da sakamakon. Wani bincike da hukumar magunguna ta Amurka ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2017, ya nuna fiye da kashi 95 cikin ɗari sun gamsu da ganinsu bayan LASIK. Amma binciken nan dai ya nuna cewa cikin waɗanda ba su da wani ƙorafin gani kafin aikin, kusan kashi 46 cikin ɗari sun ba da labarin sabon abu bayan wata uku, kamar ganin zobe ko tartsatsi kewaye da fitila da dare. Kuma kusan kashi 28 cikin ɗari na waɗanda ba su da bushewar ido a dā sun same ta. Waɗanda abin ya hana su harkokinsu sosai ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Yawancin waɗannan alamu suna raguwa cikin watanni, amma ga wasu ƙalilan suna zama. Direban da ke tuƙin dare a kan doguwar hanya ya auna wannan magana da kyau.

Bushewar ido tana faruwa ne saboda aikin yana yanke ƙananan jijiyoyin korniya da ke sanar da ido ya yi hawaye, kuma sai a hankali suke farfaɗowa. Ga mutumin da zai koma cikin ƙurar hunturu, zafin bazara da hayaƙin itacen girki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai kuma yiwuwar gyaran ya gaza ko ya zarce, ko wani ɓangare na lambar ya dawo bayan shekaru, a bukaci ƙarin aiki ko ƙaramin tabarau. Shigar ƙwayar cuta ba ta cika faruwa ba, amma in ta faru tana bukatar likita a ranar.

Abubuwa uku da leza ba ya kawarwa

Na farko, tsufan ido. Wanda aka yi wa aiki yana da shekara 25 zai nemi tabaran karatu idan ya haura 40, kamar kowa. Mai ƙaramar «myopie» ma da yake cire tabarau ya yi karatu, in an gyara masa hangen nesa a wannan shekaru, zai rasa wannan sauƙi.

Na biyu, haɗarin da ke tare da doguwar ƙwayar ido. Mai babbar lamba, daga -6 zuwa sama, ya fi sauran mutane fuskantar yagewa ko ɓallewar labulen bayan ido da hawan jinin ido. Ajiye tabarau bai rage wannan ko kaɗan ba. Idan ya ga walƙiya a gefen ido, ko baƙaƙen ɗigo masu yawa sun bayyana farat ɗaya, ko wani duhu kamar labule yana saukowa, ya nufi likitan ido ba tare da jiran gobe ba.

Na uku, bukatar awo a kai a kai. Bayan an rage kaurin korniya, na'urar auna matsin ido takan nuna lamba ƙasa da ta gaskiya. Hawan jinin ido kuwa cuta ce da ta fi yawa kuma ta fi saurin kamawa a tsakanin baƙar fata, tana cin gani shiru ba ciwo, abin da ta ci kuma ba ya dawowa. Don haka duk wanda aka yi wa leza ya sanar da kowane likitan ido da zai duba shi har ƙarshen rayuwarsa. Ya kuma adana takardun awonsa na kafin aiki da rahoton aikin kamar yadda ake adana takardar gida, domin ran da yana ta zo a tsufa, za su taimaka wajen lissafin madubin robar da za a sa masa.

Ga mai niyyar tafiya

Na'urorin nan suna da tsada, kuma a manyan birane ake samun su, shi ya sa mutanenmu da yawa suke ƙetare iyaka. Shawararmu ita ce a fara da likitan ido na gida, wanda ba shi da riba a cikin aikin, ya duba idon ciki da waje, ya kuma yarda zai ci gaba da bibiya bayan an dawo. A wurin aikin, awo na gaskiya ya ƙunshi taswirar korniya, auna kaurinta, auna hawaye da matsin ido, da buɗe ɗan ido da magani don a ga labulen baya. Mai sa gilashin manne a ido sai ya ajiye shi kwanaki ko makonni kafin awo, gwargwadon irinsa. Wurin da aka karɓi kuɗi aka ba da rana tun ba a ga taswirar ido ba, a guje shi. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Matambayi ba ya ɓata. A tambayi likita kaurin korniyar, nawa za a cire, nawa zai rage, me ya sa ya zaɓi wannan hanya, kuma wa zai ɗauki nauyin gyara in an bukace shi. Kada a yanki tikitin dawowa washegari: ana duba ido kwana ɗaya bayan aiki, sannan bayan kamar mako guda, sannan bayan wata. Cikin magungunan ɗigawa da ake bayarwa akwai masu sinadarin kotizon, waɗanda ke iya ɗaga matsin ido ga wasu, saboda haka ba a ci gaba da sayen su a kasuwa bayan wa'adin da aka yanka.

A gida kuma sai an taimaka wa mai jinya. Kada ya murza ido ko kaɗan. Kwalli da sauran kwalliyar ido su dakata har likita ya ba da izini. A kiyaye ruwa da sabulu shiga ido a kwanakin farko. Game da wanke fuska wajen alwala, a tambayi likita kwana nawa ne, sannan a tambayi malami sauƙin da shari'a ta tanadar wa mai rauni. Tabaran rana yana kare ido daga ƙura da zafin rana, musamman bayan PRK. Uwar gida ta samu mai karɓar mata girkin itace na ɗan lokaci. Wanda yake da zaɓi kuwa, ya kauce wa tsakiyar hunturu.

Tabarau ba abin kunya ba ne

A rahotonta na 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa aƙalla mutum biliyan 2.2 suna da matsalar gani, kuma aƙalla biliyan ɗaya daga ciki matsalarsu abin da za a iya hanawa ne ko magancewa, mafi yawansu tabarau kawai suka rasa. A 2024 ta ƙaddamar da shiri na musamman don tabarau ya isa ga masu bukata kafin 2030. A unguwanninmu har yanzu akwai yaron da ake yi wa faɗa a kan rashin ƙoƙari alhali allo ne ba ya gani, akwai budurwar da ke ɓoye tabaranta a jaka don kada a ce tana da aibi, akwai kuma masu cewa tabarau yana ƙara kashe ido, maganar da ba ta da tushe. Lambar yaro tana ƙaruwa ne domin ƙwayar idonsa tana girma tare da jikinsa. Bincike a ƙasashen gabashin Asiya ya nuna cewa yaran da ke samun kamar awa biyu a waje cikin hasken rana kowace rana ba su cika kamuwa da «myopie» kamar masu wuni a ɗaki kan waya da littafi ba.

Kuɗin aikin leza na mutum ɗaya zai iya auna idanun gida guda ya saya wa kowa tabarau. Wanda Allah ya hore wa, likita kuma ya tabbatar idonsa ya dace, ya fahimci abin da zai samu da abin da zai iya fuskanta, to aikin hanya ce da miliyoyin mutane suka bi suka ji daɗinta. Wanda aka ce wa bai dace ba kuwa, ya gode wa likitan da ya faɗa masa gaskiya, ya riƙe tabaransa. Kafin nan, mu kai yaranmu awon ido tun shigarsu makaranta, mu kuma da muka haura 40 mu je a auna mana matsin ido ko ba ma jin ciwon komai.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya bar mu da ganinmu har ƙarshen rayuwa.